Yadda Ma'aurata Za Su Shirya Hutu a Ɗan Gidan Haya Cikin Kwarin Tsaunuka

Tun da na ba da labarin kwana huɗun da muka yi ni da mai ɗakina a wani ɗan gida da ke kwance a kwari tsakanin tsaunuka, tambayoyi ba su yanke ba. Ina ake samun irin gidan? Me da me ake biya? Yaya mutum zai gane ba 'yan damfara ne suka saka hotunan ba? Kafin mu shiga matakan, ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: nisan da ya sa wurin ya yi tsit, shi ne ya nisanta shi da kanti, gidan mai, asibiti da sabis ɗin waya. Kusan duk abin da za ku karanta a ƙasa shiri ne na wannan nisan, kuma yawancinsa tun kuna gida ake gama shi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Ku zauna ku biyu kafin a taɓa waya

Kuskuren farko shi ne ɗaya ya ga hoto ya burge shi, ya biya, sannan ya zo yana ba ɗayan labari. Ku fara daidaitawa a kan abin da kowannenku yake kira hutu. Wani so yake ya hau kowane tudu da idonsa ya gani, wani kuwa barci yake bin bashi. Idan ba a faɗi wannan a gida ba, a can zai fito, kuma ba da daɗi zai fito ba.

Sai yawan kwanaki. Kwana biyu yini ɗaya cikakke kawai yake ba ku, domin ranar zuwa da ranar dawowa hanya ce ke cinye su. Ni shawarata kwana uku ne mafi ƙaranci, kuma a irin wannan gajeren zama kada tuƙin ya wuce awa uku zuwa huɗu.

Maganar girki ma a yanke ta yanzu. A irin waɗannan gidaje baƙo ne ke dafa wa kansa. Idan uwargida za ta tsaya a kan murhu safe, rana da dare, to madafa kawai aka sauya mata. Ku raba aikin, ko ku tafi da abin da aka dafa aka daskarar, a riƙa ɗumamawa.

Gargaɗi: idan akwai mai juna biyu, mai asma, mai ciwon zuciya ko hawan jini, a ji ta bakin likita kafin a biya ko kwabo, kuma a zaɓi gidan da bai yi wa asibiti nisa ba. A wurin da tsayinsa ya kai mita 2,500 sama da teku ko fiye, ƙarancin iska yana iya jawo ciwon kai, jiri da rashin barci ko ga mai lafiya garau.

2. Zaɓen lokaci

Lokacin ruwa kwari ya fi kyau a ido, ciyawa shar, ƙorama na gudu, amma a lokacin ne hanya ke ɓaci. Lokacin rani hanya lafiya lau, sai dai rijiya ko idon ruwan da gidan ke sha yana iya ja baya. Tsakiyar mako ta fi ƙarshen mako araha da shiru, ranakun hutun makarantu da na bukukuwa kuwa su ne mafi tsada.

Kada ku auna sanyin wurin da na garin da kuke. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Selsiyos. Sannan kwari yana da tasa ɗabi'ar: da dare iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangaro daga kan tuddai ta kwanta a ƙasan kwarin. Shi ya sa za ka yini da riga ɗaya, asuba ta yi kana neman bargo na biyu.

3. Neman gidan da karatun talla

Hanya biyu ce. Ko ta manhajojin haya irin su Airbnb, Booking.com da Vrbo, ko kai tsaye daga mai gidan. Ga wanda bai taɓa zuwa wurin ba, manhaja ta fi, saboda akwai wanda za a kai wa ƙara idan abu ya ɓaci. Wurin bincike a zaɓi gida sukutum, in ba haka ba sai a wayi gari ɗaki ɗaya aka kama a gidan da wasu baƙi ke ciki.

Hotunan talla abin da mai gidan yake so ka gani suke nunawa. Kai kuma ka nemi abin da ba a nuna ba. Hoto ashirin na faɗuwar rana babu ko ɗaya na banɗaki, akwai magana. Ba a nuna hanyar shiga ba, akwai magana. Buɗe taswirar Google ka juya ta zuwa hoton tauraron ɗan adam, ka zagaya unguwar da yatsa. Akwai babbar hanyar da manyan motoci ke bi? Akwai wurin fasa dutse, ko zauren biki? Gidan shi kaɗai yake, ko gidaje shida ne a jere masu baranda ɗaya? Kwari yana riƙe sauti yana mayar da shi, tirelar da ke hawan tudu a ƙaramar giya daga nesa sai ka ji kamar a bayan taga take.

Ka lura da inda gidan ya zauna. Na ƙasan kwari, gab da rafi, yana da daɗin ƙarar ruwa, amma shi ke fama da danshi, sauro da hazon safe, rana kuma ba ta iso masa sai ta ɗaga sosai. Na gefen tudu ya fi bushewa, ya fi hango nesa, sai dai akwai iska da matakala, kuma wani lokaci mota ba ta kaiwa ƙofa, sai an ɗauki kaya a ka. Ni na fi son na gefen tudu da ke kallon gabas, don rana ta kore sanyin ɗaki da wuri.

Sharhin baƙin da suka sauka a baya ya fi tallar kanta amfani. Fara da na baya-bayan nan, ka nemi na waɗanda suka je a irin lokacin da za ku je. Masu tauraro biyar yabo ne kawai, masu tauraro ɗaya sau da yawa fushi ne. Masu uku da huɗu su ke faɗin gaskiya dalla-dalla. Idan mutum uku da ba su san juna ba sun ambaci warin danshi ko rashin ruwan zafi, ka ɗauka haka abin yake.

Gargaɗi: 'yan damfara suna satar hotunan gidan wani su saka da farashi mai rahusa. Ɗauki hoto biyu daga tallar ka saka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Idan suka fito da wani suna a wata ƙasa, ka kama gabanka. Araha ba ta ado.

4. Tambayoyin da za a yi wa mai masauki

Wannan matakin ya fi kowane muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa don kada a ce sun cika tambaya. Matambayi ba ya ɓata. A yi tambayoyin a rubuce, a cikin manhajar idan ta nan aka bi, domin rubutun ne shaidarka gobe.

Hanya. Kwalta ta kai har ƙofa, ko akwai burji? Kilomita nawa ne burjin? Ƙaramar mota tana shiga bayan an yi ruwa? Akwai inda ake ratsa rafi babu gada? Kada ka yarda da amsar "hanya lafiya" kawai. Faɗa masa irin motarka, ka tambaye shi ko baƙon da ya zo da irinta ya shiga.

Ruwa. Na famfon hukuma ne, na rijiyar burtsatse, ko na idon ruwa? Ana sha kai tsaye? Me ke ɗumama ruwan wanka, kuma yana isar mutum biyu a jere?

Wuta. Ta layi ce ko sola? Idan sola ce, me da me batirin ke ɗauka? A nan muka yi namu kuskuren. Daren farko na jona butar lantarki, wadda ke jan kusan wat 2,000, inbata ta yi ƙara sau uku, gidan ya yi duhu ɗif. Da tocilar waya muka lalubo makunnin da ake tayar da ita a wani ɗan ɗaki a bayan gida, cikin sanyi. Da na tambaya tun farko, da an gaya mini a kan gas ake dafa ruwa, dutsen guga da abin busar da gashi kuma a bar su a gida.

Ɗumama ɗaki. Hita ce ko murhun itace? Itacen yana cikin kuɗin haya ko saye ake yi? Akwai na'urar da ke ƙara idan hayaƙi ko gurɓatacciyar iska ta taru?

Sabis. Wane layin waya ne ke kamawa a cikin gidan? Idan babu, ina ne wuri mafi kusa da ake samu? Idan akwai intanet na gidan, yana aiki idan wuta ta ɗauke?

Sirri. Mai masauki yana zaune a harabar? Wa ke da wani makullin? Mai shara ko mai ban ruwan shuka yana shigowa, kuma da ƙarfe nawa? Akwai kyamara, a ina? Tun 30 ga Afrilu 2024 Airbnb ta haramta kyamarar tsaro a cikin gidajen da ake haya ta hannunta, ta waje kuma dole a bayyana ta a talla. Ga ma'aurata wannan tambaya ba abin jin kunya ba ce.

Na ƙarshe: minti nawa ne a mota zuwa asibiti, kantin magani, gidan mai da kanti mafi kusa, kuma wa za a kira da tsakar dare idan famfo ya fashe?

Yadda aka amsa ma amsa ce. Mai masaukin da ya bi tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗi aibin gidansa da bakinsa, shi ne za ka samu ranar da ka maƙale. Wanda ya share rabi ya ce "ku dai zo, za ku ji daɗi", haka zai share ka idan ka iso.

5. Lissafin kuɗi da biya

Kuɗin kwana da ke rubuce da manyan lambobi ba lallai ne ya zama abin da za ka biya ba. A kansa ana iya ɗora kuɗin shara, ladan manhaja, a wasu wuraren da harajin baƙi. Wasu gidajen suna karɓar kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ake mayarwa idan ba a fasa komai ba. Wasu suna cajin itace, gas ko wutar da mita ta nuna daban. Kai kuma ka ƙara man mota zuwa da dawowa, da sanin cewa hawan tudu ya fi shan mai, sai cefane, sai wani abu a gefe. Ni kashi 15 cikin 100 na jimillar nake warewa don abin da ba a zata ba.

Kuɗin shara sau ɗaya ake biya ko kwana nawa aka yi, don haka gajeren zama ya fi tsada a kowane dare. A ce kwana 100 ne, shara 60, da kowane irin kuɗi. Kwana biyu 260 ke nan, kowane dare ya tashi 130. Kwana huɗu 460, kowane dare 115. Idan za ka gwada gida biyu, kai kowanne har shafin ƙarshe na biya ka ga jimilla, sannan ka raba da yawan kwanaki.

Kafin ka danna biya, karanta sharaɗin fasawa. Wani gidan yana mayar da kuɗi duka idan an fasa da 'yan kwanaki, wani rabi, wani ko sisi. Farashin da ba a mayarwa yakan fi sauƙi, amma ga mai ƙananan yara ko aikin da ake iya kira kowane lokaci, sauƙin nan tarko ne. Ka kuma tambaya a rubuce: idan ruwa ya yanke hanya ba mu iya shigowa ba, za a ɗaga mana rana?

Gargaɗi: idan ta manhaja ka samo gidan, a cikinta za ka biya. Duk wanda ya ce ka turo masa ta asusunsa zai rage maka, ya fitar da kai daga inuwar manhajar ne, in abu ya lalace babu mai sauraronka. Idan kai tsaye kuke ciniki, ka nemi ya zagaya da kai gidan ta kiran bidiyo, ka ba da kafin alƙalami kawai, ka karɓi rasit mai ranaku da jimilla, sauran sai ka ga gida. Biya da katin banki ya fi tura kuɗi, don ana iya ƙalubalantar cirar kati.

6. Haɗa kaya

Tufafi masu hawa-hawa sun fi riga ɗaya mai kauri: ta ciki, suwaita, sai rigar ruwa a sama, ana cirewa ana mayarwa yadda yini ya juya. Takalmi mai riƙe ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da safa fiye da yadda kuke zato. Tocila biyu, ɗaya ta ɗaurawa a goshi, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka a cike. Maganin da kowa ke sha kullum, da rarar kwana biyu. Filasta, bandeji, maganin ciwon kai, na gudawa, man sauro, da matsefata.

A madafa, ƙananan abubuwa ne ke ba da haushi: ashana, gishiri, man girki, wuƙa mai kaifi, sabulun wanke-wanke. Tambayi abin da ke akwai, sauran ka saya a babban gari na ƙarshe kafin ka shiga kwari. Abin da ke lalacewa a saka shi cikin kula mai ƙanƙara. Ruwan sha na yinin farko ku tafi da abinku, da tsabar kuɗi kaɗan, don inda babu sabis na'urar kati ba ta aiki.

Daren da za a tashi, sauke taswirar yankin a waya yadda za ta yi aiki babu intanet. Wayar tana gane inda take ta tauraron ɗan adam ko babu sabis, taswirar ce ba ta buɗewa idan ba a sauke ta ba. Kwatancen mai masauki, lambar wayarsa da lambar buɗe akwatin da ake ajiye makullin gidan a rubuta su a takarda. A bar wa wani na gida adireshin wurin, lambar mai masauki da ranar dawowa, musamman idan an bar yara.

7. Hanya

Duba taya, har da ta ajiya da jak, birki, ruwan inji da fitilu. Cika tanki a gidan mai na ƙarshe ko da rabi ne ya rage.

Ka tsara isa da sauran rana, aƙalla awa biyu kafin faɗuwarta. A kwari duhu yana riga na fili, don tudun yamma yana tare rana tun kafin lokacinta. Mu mun yi sakaci, muka tsaya cefane, muka iso bayan magariba. Ga gida, ga akwatin makulli a jikin bango, lambar kuma tana cikin saƙon da ke manhaja, manhaja ta ƙi buɗewa. Mai ɗakina ta haska ni da tocila ta ce, "Maigida, ashe ba ka rubuta ba?" Ban ce komai ba. Muka koma mota, muka sake hawa tudun nan na minti ashirin har inda sabis ya dawo, na rubuta lambobi huɗu a bayan rasit ɗin cefane, muka gangaro.

Idan kwatancen mai masauki ya saɓa da na taswira, bi na mai masauki. Taswira gajeriyar hanya take nema, ba ta san wadda ruwa ya cinye ba.

A gangara mai tsawo saka ƙaramar giya, ta biyu ko ta ɗaya, inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa, alamarsa warin ƙuna da taushin feda. Idan ka ji haka, tsaya a wuri mai faɗi ya huce. Kada a sa mota a furi a gangara. A siririyar hanya mai gangarowa ne ya kamata ya ba mai hawa hanya, kuma a yi hon kafin kwanar da ba a ganin gabanta.

Gargaɗi: kada ka ratsa ruwa mai gudu da ya hau kan hanya. Mai zurfin santimita 15 yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. Kuma ruwan da aka yi a kan tsauni yana cika rafi a ƙasa ko ɗigo bai sauka inda kake ba. Ka jira, irin wannan ruwan yadda ya zo da sauri haka yakan janye.

8. Rabin awar farko a gidan

Kafin a kwance jaka, zagaya da waya a hannu ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki: tabon kujera, tsagin gilashi, kofin da ya fashe, lambar mita idan ana cajin wuta. Wannan ne zai dawo maka da kuɗin ajiyarka. Buɗe famfo ka ga ruwan zafi ya zo, ja ruwan masai, kunna murhu, gwada makullan ƙofa da tagogi, ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa ko akwai ɗigo-ɗigon baƙi na kuɗin cizo. Gano inda ake kashe wutar gidan, inda ake rufe ruwa da inda tukunyar gas take, tun da sauran haske.

Abin da ka tarar ba daidai ba, sanar da mai masauki nan take, a rubuce, da hoto. A Airbnb awa 72 ake ba baƙo daga lokacin da ya gano matsala ya kai rahoto. Wanda ya yi shiru har ranar tafiya sannan ya ce a rage masa, ba ya da hujja.

Idan ba a tabbatar maka da ruwan famfon ba, tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa, a wurin da ya haura mita 2,000 kuma minti uku. Gidajen karkara yawanci ramin masai nasu ne na kansu, ban da takardar banɗaki kada a jefa komai a ciki.

9. Wuta da hayaƙi

Nan ne wasa ba ya shiga. Itace, gawayi, gas ko fetur idan suna ci a wurin da iska ba ta isa ba, suna fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma mai barci ba ya farkawa ya gudu. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Idan ku biyu kuka ji haka lokaci ɗaya, kuma kuka ji sauƙi da kuka fita waje, kada ku koma ciki. Ku bar ƙofofi a buɗe, ku nemi asibiti, ku kira mai masauki.

Kada a shigo da gawayi ɗaki don jin ɗumi, ko da ya zama garwashi ya daina hayaƙi. Kada a kunna murhun girki don ɗumama gida. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Harshen wutar gas shuɗi ya kamata ya zama, idan ya koma rawaya yana lilo, akwai matsala. Idan gidan ba shi da na'urar gargaɗi, akwai ƙarama mai batir da ake sayarwa, tana shiga jaka, ni yanzu ba na tafiya babu ita.

Murhun itace kuwa, buɗe mashigar iskarsa da ta bututun hayaƙi kafin ka kunna. Fara da ƙirare da busasshen itace ƙanana, manya su biyo baya. Ɗanyen itace hayaƙi kawai zai ba ka. Fetur ko kananzir kada su kusanci wurin, kuma a bar wutar ta mutu kafin a kwanta. Idan aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin fitila, a rufe tukunyar, a buɗe ƙofa da tagogi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka buɗe ƙofa ya fi buɗe tagar sama amfani.

10. Fita yawo

Tudu yana yaudarar ido, wanda kake gani kamar ka miƙa hannu ka taɓa yana iya cin awa biyu. Masu hawan duwatsu suna da lissafin da wani ɗan Sikotland mai suna Naismith ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Tafiyar kilomita 6 mai hawan mita 300 ta kusa awa ɗaya da minti 45 ke nan, ga wanda ya saba kuma bai tsaya ba. Ku da za ku tsaya hoto da hutawa, ku ɗauka awa biyu da rabi. Mai saurin cikinku ya bi takun ɗayan. Ku fita da safe, ku gaya wa mai masauki inda kuka nufa, ku ɗauki ruwa da rigar ruwa ko sama tana tas.

Idan hadari ya taso, ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Ƙasa da daƙiƙa 30, ku sauka daga kan tudu, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ku shiga gini ko mota, sai an yi minti 30 da tsawar ƙarshe ku fito.

Ƙasar da kuke takawa gonar wani ce ko makiyayarsa. Ku bi turba, ƙofar shingen da kuka buɗe ku rufe, kada ku shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Da kun dawo ku duba jikin juna ko kaska ta kama, bayan gwiwa, ƙugu da bayan kunne. Idan akwai, a kama ta da matsefata dab da fata a ja a hankali a miƙe, kada a murɗa, kada a ƙona ta.

Kuma kada a cika kowace rana da fita. A cikin kwana huɗunmu, abin da mai ɗakina ta fi ambata har yau shi ne safiyar da ba mu je ko'ina ba. Muna zaune a baranda cikin bargo ɗaya, hazo ya cika kwarin kamar an zuba auduga, kan bishiyoyi kaɗai ake gani, sai rana ta leƙo ta bayan tudu ya fara tashi kaɗan-kaɗan har rufin gonar da ke ƙasa ya bayyana. Wayoyinmu suna cikin aljihun tebur. Mun yi alkawarin sau ɗaya a yini za mu hau inda sabis yake mu ji lafiyar yara, kuma hakan ya isa.

11. Ranar tafiya

Yawancin gidaje tsakanin ƙarfe 10 da 11 na safe ake fita, don a gyara wa baƙon da zai shigo da yamma. Idan kuna son ƙarin awa, ku roƙa tun jiya. Haɗa kaya da dare. Biyan kuɗin shara bai ɗauke muku wanke kwanuka da fitar da bola ba, duba takardar dokokin gidan ka ga abin da aka ce a yi. Tokar murhu a bar ta inda take idan da sauran ɗumi, garwashi yana kwana a cikinta, zuba ta a bola yana tayar da gobara. Abin da kuka fasa ku faɗa da bakinku, yawanci kuɗinsa bai kai abin da za a cire idan an gano daga baya ba.

Rufe gas, kashe hita, rufe tagogi, duba ƙarƙashin gado da soket ɗin da aka bar caja. Sake ɗaukar bidiyo kamar na ranar zuwa, da lambar mita. Mayar da makulli akwatinsa ka juya lambobin, ka ɗauki hotonsa a rufe. Da kun hau inda sabis yake, tura wa mai masauki saƙo cewa kun fita, ka tambaye shi ranar da kuɗin ajiya zai dawo, ka sa ranar a kalandar wayarka.